Ganyen da Tsutsa Ta Ƙi

Laraba, 26 ga Oktoba, 2022

Akwai wata magana da na taɓa ji a kasuwar dabbobi ta Badagishiri, tun gashin kaina bai fara yi mini sallama ba. Wani dillalin dawaki ya faɗe ta. Wai jinin doki yana yin tsatsa, kamar garmar da anka manta a gona damina ta bi ta kanta. Doki na tsaye yana haniniya, gashinsa na ƙyalli, alhali a ciki jinin ya fara cinyewa. Na yi dariya ranar. Dillali in ya rasa aibin da zai sa wa dokinka a waje, to har cikin jijiya zai bi shi.

Yau maganar ta dawo mini gida a bayan babur ɗin kabu-kabu, da akwatin ƙanƙara a cinyarta.

Sunanta Bushira, likitar dabbobi ce. Tana bin dawakin ƙasar Konni da Malbaza har Illela tana ɗibar jini, wai bincike suke yi. Anka ce mata in doki take nema a Tsarnawa, ta tambayi gidan Tijjani, wato gidana. Ta gaishe ni har ƙasa, sannan ta gaida Bidi, dokina, tun kafin ta taɓa shi. Wannan ya sa na bar ta. Ta shafa wuyansa ta soka allura, ko kunne bai kaɗa ba, munafuki. Ni in na zo cire masa kaska, haurina yake nema.

Na tambaye ta mi take nema a ciki. Ta ce kowane jini yana da abin da ke cinsa kamar tsatsa, yana kuma da masu goge tsatsar. In wahala ta yi yawa, ko ciwo, ko wata guba na shiga kaɗan-kaɗan, sai tsatsar ta fi ƙarfin masu gogewa. Su biyun ake aunawa a Yamai.

Na ce, "Ɗiyata, kakanki dillali ne?"

Ba ta gane ba, ta yi murmushi. Jinin da na gani cikin 'yar kwalbar ja wur ne, kamar na kowa.

Asabar, 29 ga Oktoba

Harawa ta gama shigowa gida. Bana ɗana Nafi'u ya yi ƙoƙari, waken gonar fadama ya yi kyawun da ban taɓa gani ba. Ganyen kore shar, ko huji ɗaya babu. Na gonar tudu kuwa tsutsa ta mai da shi rariya. Na raba su kamar kullum: mai kyau ta Bidi, mai huji ta jaki da awaki. Tun zamanin ubana haka ake yi. Doki ba a ba shi abin da ƙwaro ya rage.

Muna cikin ɗauri sai ga amalanke a ƙofar gida. Badamasi ne daga Bazaga, ɗan gwaggona, taubashina tun muna yawo ba wando. Kowace kaka sai ya zo ya ƙwace abin da idonsa ya so, ba mai hana shi, haƙƙin taubasantaka ne. Ni ma ragonsa biyu na taɓa kora.

"Bawana! Ina harajin ubangidanka?"

"Ga ta jaki can. Ɗauki, ta dace da kai."

Bai ko dubi wajen ba. Ya nufi ta fadama, ya murza ganyen, ya ce wannan ta fi ƙarfin akuyar da nake kira doki. Ya loda rabinta yana waƙa. Tsahara, matata, ta kawo masa hura, ya sha, ya ce ruwa ya yi yawa, ya ƙara neman wata.

Bara dokinsa Akawal ya sha gaban Bidi a sukuwar Konni, shekara guda Badamasi bai bar ni na haɗiyi ruwa da daɗi ba. Bana ma za a yi, ranar bikin jamhuriya. Za mu gani.

Talata, 8 ga Nuwamba

Bidi ya bar dusa a kwano. Bai taɓa yi ba.

Jumma'a, 11 ga Nuwamba

Na fita kilisa da shi bayan la'asar, ba mu ko kai rijiyar makiyaya ba ya jiƙe sharkaf. Da munka dawo na tarar da yawu na zuba a bakinsa, fatar kafaɗarsa tana ɗan rawa kamar mai korar ƙuda. Babu ƙuda.

Na ba shi kanwa. Ga ido dai ya fi kowane lokaci kyau, cinya ta cika, wuya ya yi kauri.

A masallaci na ji ana cewa wani doki ya mutu a Gidan Idar, kuma yarinyar nan ta ɗebi jininsa kafin nan. Wai allurarta ce. Tsahara ta ce in bar sauraron mutanen da rabonsu da hawa doki tun suna bayan uwayensu. Na bari. Amma na duba wuyan Bidi inda anka soka. Ba kumburi, ba komi.

Litinin, 21 ga Nuwamba

Bushira ta dawo. Tun daga yadda ta daɗe tana gaisuwa na san ba alheri ta ɗauko ba.

Ta ce cikin dawakin da ta ɗiba, na Bidi yana cikin waɗanda sunka fi muni. Tsatsar ta hau, masu gogewa sun yi ƙasa. Na ce to wane ciwo ne? Ta ce, "Baba, jinin bai faɗin sunan ciwo. Hayaƙi kawai yake nunawa, mu za mu nemo wutar."

Na ce ta dube shi da kyau, wannan ya yi kama da mai wuta a ciki? Ta ce shi ya sa ake auna jinin.

Ta yi ta tambaya: ruwan da yake sha, gudun da yake yi, ko ana yi masa allurar kasuwa. Ba a yi. Ta zagaya ta ga jaki yana birgima, lafiya lau, kamar ba shi da ubangida. Ta tambayi abin da jakin yake ci. Na nuna mata mai huji, har ina ba ta haƙuri don kunya. Sannan ta ɗauki ta Bidi ta shinshina, ta ce a kira wanda ya yi noman.

Nafi'u ya zo, ya kawo kwalbar. Babu rubutu a jikinta, a hayin iyaka ya sayo, mai sayarwa ya ce na auduga ne amma ba ƙwaron da yake ƙyalewa. Ya fesa har ana gab da cire wake. Da anka tara harawar a gona kuma ya sake bi ta kanta saboda gara. Gonar tudu bai fesa mata ba, don maganin bai isar gona biyu.

Ta ce, "Ban ce shi ne ba. Ban auna ganyen ba. Amma in dokina ne, daga yau bai sake cin ta. Kuma bai gudu. Gudu yana ƙara tsatsar ko ga mai lafiya, balle shi."

Nafi'u ya ji zafi. Ya ce, "Da ban fesa ba, malama, da mi za mu ci? Shekarar da ta wuce tsutsa ta fi mu girbi."

Gaskiya ya faɗa. Ita ma ba ta musa ba.

Bayan ta tafi na zauna ina kallon ganyen. Tsutsa, wadda ba ta da kai ba ta da ilimin lakwal, ta shinshina ta ƙi. Ni da furfurata na zaɓo shi dami-dami na kai wa wanda na fi so a gidan nan in an cire mutane. Wasu mutanen ma ba sai an cire su ba.

Talata, 22 ga Nuwamba

Bidi ya koma cin ta jaki. Ya dube ta, ya dube ni. Na ce masa haka duniya take.

Sauran ta fadama munka kai bayan gari munka sa wuta. Warin bai yi kama da na ciyawa ba. Tsahara ta tsaya daga nesa da gyale a hanci, sai ta ce, "Malam, rabin fa yana Bazaga."

Na sani. Tun jiya na sani.

Alhamis, 24 ga Nuwamba

Na tafi Bazaga. Na tarar da Badamasi a barga yana taje wa Akawal geza, harawata jibge a kan rumfa. Akawal baƙi wuluk, yana ɗaukar ido kamar an shafe shi da man shanu.

Na ce harawar nan na zo a kanta, akwai magani a jikinta, ya daina ba shi.

Ya yi dariya har ya zauna a kan turmi. Ya kira maƙwabta su zo su ji sabuwar dabarar bawansa: sukuwa ta ƙarato, yana son in sa dokina azumi. Mutane sunka taru suna dariya, don sun san mu. Ni ne na taɓa aika masa cewa rumbunsa ya kama wuta, ya bar tuwon suna ya ruga ba takalmi. Shi ne ya taɓa gaya wa dukan kasuwar Konni cewa na rasu, anka zo mini gaisuwa ina alwala. Shekara sittin muna haka. Ban taɓa lura ba sai yau: ba ni da muryar da zan gaya wa mutumin nan gaskiya da ita. Duk wadda na ɗauko, ta wasa ce.

Na ja shi gefe. Na ce, "Wallahi tallahi, Badamasi, ba wasa nake ba."

Ya san ban rantsuwa a kan wasa. Na ba shi labarin jinin da na kwalbar. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "To na yarda tsoro ya kama ka. Amma wa anka soka wa allura, naka ko nawa? Yarinyar ta zo nan, na ce ta gaida gida. Dubi nawa, ka je ka dubi naka."

Na duba. Na ce ko rabin ya rage masa. Ya ce in ina son harawata in zo da dare in sata kamar yadda na saba, sai mutane sunka sake fashewa da dariya, maganar ta koma inda ta fito.

Da zan tafi na ga kwanon dusar Akawal. Da saura a ciki.

Lahadi, 4 ga Disamba

Na sa Nafi'u ya kira Bushira, na roƙe ta ta sake gwada Bazaga. Ta je. Ya ba ta hura da goro, ya raka ta har bakin hanya, bai bar ta ta shiga barga ba.

Alhamis, 15 ga Disamba

Na aika wa masu shirya sukuwa cewa Bidi bai zuwa. Kafin azahar labari ya kai Bazaga ya dawo. Badamasi ya aiko mini da zane da ɗankwali, wai in ɗaura ranar.

Na yi ta kai da komo a raina, ba zan ɓoye wa takarda ba. Rawar fatar ta ragu. Jiya har ya yi haniniya da ya ji dawakin wasu na wucewa, ya ja igiya kamar zai tumɓuke turke. Na ɗauko sirdi na kakkaɓe. Na daɗe riƙe da shi. Tsahara ta wuce da tulu, ta sake wucewa ba tulu. Na mai da sirdin.

Lahadi, 18 ga Disamba

Na je Konni a bayan kabu-kabu, kamar mai zuwa biyan haraji. Jama'a ta cika fili, jandarma na korar mutane daga kan hanyar dawaki, makaɗa na ta yi.

Akawal ya ci. Ba da kaɗan ba ma. Anka ɗaga Badamasi sama, hularsa ta faɗi, yana ihu, "Ina bawana? A nemo mini bawana ya riƙe linzami!"

Na je na riƙe. Kowa Badamasi yake kallo, ni kaɗai nake kallon dokin. Dokin da ya yi gudu yakan huce, numfashinsa ya sauka. Na Akawal bai sauka ba. Yawu na zuba ba tsayawa, ƙafafun gaba na kaɗawa, fatar kafaɗa na rawa har zuwa cinya. Na ji ta a tafin hannuna.

Na ce a kai shi inuwa, a nemo likita. Badamasi ya ce, "Kun ji hassada?" Amma ya dubi ƙafafun. Na ga ya duba.

Talata, 20 ga Disamba

Akawal ya faɗi jiya da hantsi, a turkensa. Bai tashi ba.

Laraba, 21 ga Disamba

Na je jaje. Anka shimfiɗa mini tabarma a ƙofar barga. Rumfar babu komi a kanta, ban tambayi inda harawar ta tafi ba, amma na ga baƙin toka a bayan danga.

Munka zauna. Wasu na cewa sammu ne, wasu baki, don yabon ranar Lahadi ya yi yawa. Da na tashi Badamasi ya ce, "Ka gaida gida, Tijjani."

Tijjani. Ban san ya san sunana ba. Na so ya zage ni.

Na gaya wa Bushira ta waya. Ta yi salati. Na ce harawar ce ko? Ta ce ba za ta iya rantsuwa ba, tunda ba wanda ya auna jininsa da rai ko bayan rai, kuma doki yakan faɗi bayan gudu da wasu dalilai. Yarinyar nan ba ta taɓa ba mutum magana cikakkiya ya kwanta a kanta. Dillalin Badagishiri ya fi ta tabbaci.

Litinin, 26 ga Disamba

Ina zaune a tsakar gida Tsahara na tsintar wake a faifai. Ban taɓa kula da yadda take yi ba. Masu huji gefe guda, na ƙosai da na yaran maƙwabta. Lafiyayyu, masu santsi, cikin ƙaramar ƙwarya.

Na ce na wa ke nan?

Ta ce, "Naka mana, Malam. Tun da na shigo gidan nan ka taɓa cin mai huji?"

Na tambaya na wace gona ne. Ta buɗe baki za ta amsa, sai ta dubi ƙwaryar, ta dubi barga. Ta ajiye faifan.

Hannuna na dama yana ɗan rawa kwanakin nan in na ɗauki buta. Tsufa ne. Ubana ma ya yi.

Laraba, 28 ga Disamba

Bushira ta sake ɗibar jinin Bidi. Ya rame, ƙasusuwan kwankwaso sun fito, ƙyallin ya tafi. Yanzu ne ya yi kama da mara lafiya, ita kuwa ta ce idonsa ya fi yi mata. Ban san wanda zan yarda da shi ba, idona ko nata.

Nafi'u bai cika magana ba tun mutuwar Akawal. Kwalbar ba ta nan inda yake ajiye ta. Ya tambayi Bushira wane magani ne ba ya zama a ganye, da lokacin da ya kamata a daina fesawa. Ta ce za ta haɗa shi da mutanen aikin gona. Buhunan waken fadama suna nan a ɗaki, ba mu sayar ba, ba mu sake ci ba, ba mu zubar ba. Kowa na wucewa ta gabansu kamar suruki.

Talata, 10 ga Janairu, 2023

Amsa ta zo daga Yamai. Tsatsar ta ragu, ba ta ƙare ba. Masu gogewa sun fara ɗagowa. Ta ce a ci gaba da hutu, ba sirdi sai ta sake gani, kuma kada in sa rai da sukuwa ko baɗi. Na ce zai rayu? Ta ce, "Yana kan hanya, Baba."

Bidi ya lashe kwanonsa yau har yana tura shi da hanci.

Na tambaye ta ko abin awon nan yana karɓar jinin mutum. Don Tsahara nake tambaya, ita ke yawan ciwon kai. Ta ce ita ta dabbobi ce, amma a je likita a Konni a gaya musu komi, har da kwalbar da buhunan. Ta ce, "Ku je ku biyu, Baba, kada Inna ta ji tsoro ita kaɗai." Tana maganar tana kallon hannuna.

Laraba, 18 ga Janairu

Kasuwar Konni. Munka je da Tsahara sayen gishiri da kanwa, tunda kuma hanya ce munka biya likita. Ba wani abu. Allurarsu ta fi ta dawaki zafi. Sun ce a dawo. Da rana na ci wake da shinkafa, na gonar tudu, huji da komi. Ba laifi, in mutum bai duba ba.

Da la'asar na tarar da baƙo a bakin barga, zaune a kan turmi, yana kallon Bidi na cin harawar jaki. Ya zo a ƙasa, ba amalanke. Ragamar Akawal ce a hannunsa, mai jan tunku. Ya ce ta fi ƙarfin akuyata amma a sa mata, kada ta lalace a rataye. Na ce akuyar ta gode.

Ya ga audugar da ke manne a hannuna, bai tambaya ba. Can sai ya matso, ya rage murya kamar mai ba da sirrin da ba wanda ya taɓa ji, ya ce, "Bawana, ka san wai jinin doki yana tsatsa? Yana tsaye, yana ƙyalli. A ciki."

Na jira dariyar. Ba ta zo ba. Ya ce ranar Laraba mai zuwa in zan koma likita in biya masa, shi ma yana son sayen kanwa.

Maganar nan dillali ya fara gaya mini ita, na yi dariya. Bushira ta gaya mini, na tambayi kakanta. Wanda ya gaya mini ita na ƙarshe, yau, da ragama a hannu ba doki, Badamasi ne.